Kan Kifi a Ƙarƙashin Tanki

Litinin, 7 ga Oktoba, 2019

Yau na saka wa Madam Waya kyankyaso a akwatin mitarta. Babba, irin na bayan gidanmu, gashin bakinsa kamar na Patron Hamadu, mai garejinmu. Na laɓe bayan tarin tayu ina jira ta yi ihu. Ta buɗe, ta dube shi, ta kamo shi ta gashin baki ta ɗaga. Ko waiwayowa ba ta yi ba. Ta ce, "Sali, zo ka ɗauki ƙaninka, ya ɓata hanya." Gareji duka aka kwashe da dariya, kuma ni aka yi wa. Har Bashiru, wanda shekararsa goma yana gyaran babur a nan amma bai taɓa gane wasa ba sai an fassara masa.

Sunanta Mardiya. Ni na raɗa mata Madam Waya, ya kuma bi ta. Sati biyu ke nan da zuwanta daga Bamenda, ita da 'ya'ya uku da buhu ɗaya na kayan aiki. Shagonsu na gyaran wutar mota da babur ya ƙone a rikicin 'yan aware da ake yi a can. Mijin da ya koya mata aikin ya rasu tun kafin a fara. Patron ya san marigayin, shi ya sa ya ba ta tebur can bakin kwata inda kowa ke gudu saboda sauro, ya ce ta zauna zuwa ƙarshen wata a gani.

Kafin ta auna komai sai ta haɗa bakin wayoyin mitar biyu, ta ji ta yi ƙara, sannan ta fara. Kullum. Na tambaye ta ko gaisuwa suke yi. Ta ce, "Wanda zai ba ni labari nake fara tambaya ko lafiyarsa lau."

Laraba, 9 ga Oktoba

Misiye Abdurrahim ya kawo Bajimi. Haka nake kiran jan baburin nan nasa mai silinda huɗu da ya sayo na hannu daga Turai. Babu irinsa a nan Duwala, daga New Bell har Marshe Dakar. Ba shi da kabireta kamar bensikin ɗinmu, baburan haya, wai ƙwaƙwalwa gare shi a ƙarƙashin kujera, ita ke ba shi mai da wuta.

Ham ne ya daina kuka. Patron ya tura shi wajen Madam. Ya tsaya yana kallonta daga sama har ƙasa, ya yi wa Patron wata magana da Faransanci. Minti goma ta gama, kan wayar ne ya yi tsatsa. Bai ce mata sannu ba.

Ni kuma na miƙa masa hannu, ya ba ni yatsu uku, sannan ya zaro hankici ya goge. A gabana. Ya ce, "Peti, kai yaro, goge mini tayun." Ubana da ubansa sahu ɗaya suke sallah a masallacin Juma'a, amma tunda ya samu ofis a bakin tashar jirgin ruwa ya zama ba ya jin Hausa sai da kunne ɗaya. Filin garejin ma na gidansu ne, shi ya sa Patron ke rawar jiki in ya zo.

To, akwai kan kifin banda a aljihuna, ragowar wanda Dada kakata ta ba ni da safe. Da ya shiga inuwa yana waya, na durƙusa kamar mai goge taya, na cusa hannu ta tsakanin ƙarfen jiki da kan inji, na tura can ciki, bayan akwatin iska, inda ko mai wanki ba zai kai ba. Sai da na murɗa kafaɗa kafin ya shige. Zafin inji zai yi sauran aikin.

Patron ya taɓa rantsuwa cewa ranar da na sake wasa da babur ɗin mai kawo gyara, ranar zan bar garejin. Amma ai sai an gani.

Asabar, 12 ga Oktoba

Misiye ya dawo yana shinshina hannun rigarsa. Wai wani wari ke binsa har ofis, ya kai wanki sau biyu, ya canza turare. Wai jiya ya fito ya tarar da kyanwoyi uku zaune a kan kujerar. Na ce, "Misiye, ko ta Yupwe ka bi? Iskar bakin ruwan nan tana kama fenti." Ya ce bai taɓa zuwa kasuwar kifi ba a rayuwarsa. Na shiga bayan gida na yi dariya har hawaye.

Talata, 15 ga Oktoba

An kawo Bajimi a kan amalanke, mutum biyu na turawa, Misiye na biye da takalmi mai sheƙi cikin taɓo. Kwana biyu ya ajiye shi a zauren gidansu saboda warin. Yau ya zo tayarwa, inji na juyawa, gir gir gir, ba ya kamawa.

Bai gaishe da kowa ba, ya nufi teburin Madam. Shekara biyu babur bai taɓa yi masa gardama ba, ta taɓa shi sau ɗaya ya mutu. Ta ce, "Ham na taɓa, kuma ham na yi." Ta miƙa hannu ta danna, ya yi kuka har kajin maƙwabta suka watse. Wannan ya ƙara tunzura shi. Ya ce wa Patron, da Hausa wannan karon don kowa ya ji, ko dai matar nan ta bar filin ubansa, ko garejin duka ya tashi.

Patron ya cire hula ya sosa kai. Ya ce mata kada ta sake kusantar baburin, Bashiru zai duba. Ƙarshen wata kuma ta nemi wani wuri, sai dai in an tabbatar ba hannunta ba ne.

Ta koma ta zauna ta ci gaba da naɗa wayar wani daina mai cajin batir. Na lura hannunta bai yi rawa ba, ni da na tsaya musamman don in gani.

Warin ya tafi, af. Na shinshina da zan wuce. Na ji haushi kaɗan, na so ya kai sati biyu.

Laraba, 16 ga Oktoba

Bashiru ya canza buji huɗu, wato fulogi. Ya canza batir. Ya busa bututun mai da baki har ya haɗiye. Ya sa mu tura baburin daga nan har bakin titi sau uku, ni ne a baya. Ko tari bai yi ba.

Da azahar Madam ta yafuto ni. Ta ce, "Idonka ya fi nawa. Ka ga jar fitilar nan da ke ƙiftawa a gaban matuƙi in an kunna makulli? Ba wasa take ba. Je ka ƙirgo mini, dogo daban, gajere daban."

Na je na tsaya kamar mai kallon banza, carbina a aljihu ina ja. Dogo ɗaya, gajeru takwas, ta huta, ta sake. Sau uku na bi, bai canza ba. Na kawo mata. Ta zaro wani littafi da gefensa ya babbake, rubutun mijinta, ta bi da yatsa. Dogon nan goma ne, in ji ta, sha takwas ke nan.

Na ce sha takwas me. Ta ce a can saman inji akwai sandar da ke juyawa tana buɗe bawul, kamshaf. A jikinta akwai haƙora, a gefe kuma wani ɗan abu mai maganaɗisu, sensa, wanda su Bashiru ke ce wa kaftar. Duk sanda haƙori ya wuce ta gabansa sai ya aika wa ƙwaƙwalwa cewa yanzu. Da wannan take sanin wace silinda ce ke jiran mai da wuta. In ba ta ji ba, ba ta sakin komai.

Na ce kamar ranar Juma'ar da lasifika ta mutu ke nan, mu na sahun titi muka yi ta tsayuwa, liman ya yi ruku'u ya ɗago ba mu sani ba.

Ta dube ni sosai, karo na farko. Ta ce, "Haka. To ranar, liman ne ya yi shiru?"

Na ce a'a, waya ce.

Ta ce, "Ka riƙe wannan."

Ashe Bashiru na bayanmu yana shan ruwa. Da Misiye ya zo da yamma sai ga shi yana bayani da hannu biyu, wai ya gano, kaftar ya mutu. Madam ta ɗaga murya daga teburinta ta ce lambar ba ta ce ya mutu ba, cewa ta yi ba a jin sa, a bari ta auna tukuna. Misiye ya ce wa Patron ya gaya wa matar nan ba da ita ake ba.

Juma'a, 18 ga Oktoba

An zaga Duwala kaf babu irin kaftar ɗin. Sai Najeriya, ga iyaka a rufe tun watan takwas, hanyar Mamfe kuma ba mai bi saboda rikicin. An samu wani da zai shigo da shi ta ruwa. Sati ɗaya, in ji shi.

Labari ya zaga unguwa. 'Yan bensikin suna zuwa da fitila a mace, su hango teburinta, su ce za su dawo.

Litinin, 21 ga Oktoba

Babu wanda ya kawo mata aiki yau, ko ɗaya. Ta share teburin, ta jera kayan, ta sake jerawa. Na kai mata tsohuwar tocilar Dada don dai a ga wani abu a gabanta. Ta gyara, ta kuma nuna mini yadda ake kama dalma ba tare da ta yi ƙulli ba.

Wajen la'asar tayar wata mota ta fashe a titi. Kafin in juya har ta kai ƙasa bayan teburin, hannu a ka. Ta tashi ta kakkaɓe zani, ta ce a garinsu ba a fita ran Litinin saboda harbe-harbe, jikinta bai saba ba tukuna. Na riga na shirya abin da zan ce, mai daɗi ma. Na bar shi.

Asabar, 26 ga Oktoba

Kaftar ya iso a cikin gwangwanin madara, naɗe da leda uku. Bashiru ya yi bismilla da ƙarfi ya ɗaura. Misiye har ya sa hular kwano. Aka danna madannin tayarwa.

Gir gir gir.

Fitila: dogo ɗaya, gajeru takwas. Ban san na ƙirga a fili ba sai da na ga kowa na kallona.

Bashiru ya ce ƙila jabu ne aka kawo. Ya ce ƙila ƙwaƙwalwar ce. Ya ce ƙila sammu. Na ce ƙila ruwan teku ya sa shi amai a hanya. Patron ya jefe ni da tsumma.

Litinin, 28 ga Oktoba

Patron ya roƙi Misiye, ban san da me ba. An yarda ta duba, amma sai yana tsaye, daga ƙarfe huɗu in ya taso ofis zuwa kiran magariba, don kada ta ɓoye ɓarnarta. Zuwa Alhamis, ƙarshen wata.

Ta ce tana son mai riƙe mata waya. Kowa ya dubi ƙasa. Na ce ni ba ni da aiki.

Ban taɓa ganin ana aiki haka ba. Mu in babur ya ƙi tashi kwancewa muke, mu canza wannan mu canza wancan har Allah ya sa a dace. Ita ko ƙusa ɗaya ba ta kwance ba. Ta haɗa bakin mita, ta yi ƙara. Ta ɗauko tsohon sensan da Bashiru ya jefar a kwali, ta auna. Lafiya lau. Ta auna sabon. Lamba kusan ɗaya. Ta juya mitar ta nuna wa Misiye, shi da ya yi boko ya karanta da kansa.

Sai ta sa wayoyin a bakin sensan ta ce in danna. Inji na juyawa, lamba na tsalle a mita. Ta ce, "Ka gani? Yana magana." Ta ɗaga kujera, ta zare babban soket ɗin ƙwaƙwalwa, ta nemo ramuka biyu da littafin mijinta, ta ce in sake dannawa. Mita shiru.

Waya biyu ce ke kai saƙon, fara da ruwan ɗorawa. Ta bi ruwan ɗorawar daga wannan kai zuwa wancan, mita ta yi ƙara. Ta bi farar. Babu.

Ta ce, "Ga ta. A hanya ta yanke."

Misiye ya ce to ai ita ta yanke ta ranar ham. Ta ce wayar ham tana gaba, wannan ta ƙarƙashin tanki ta bi. Ya ce zai gani da idonsa. Aka kira sallah.

Bashiru ya tafi gida tun biyar, wai ciwon kai.

Talata, 29 ga Oktoba

Ruwa tun asuba. Kwata ta cika ta shigo gareji har gwiwa, mun wuni muna ɗaga kaya. Misiye bai zo ba. Rana ɗaya ta tafi a banza, saura biyu.

Na dawo da wuri na tarar Dada na faɗa ita kaɗai. Ta nuno mini wayar cajar da na bari kusa da kwandon kifin da ta saro. An gutsure ta gida uku. Ta ce, "Sau nawa zan gaya maka? Ɓerayen unguwar nan duk abin da ya sha man kifi ci suke, ko roba ce. In sun gama da kifin sai su bi ta kan abin da ke kusa."

Na tsaya da cajar a hannu.

Kwana biyu a zaure. Warin da ya tafi shi kaɗai.

Dada ta ce me ya same ni, na ce sanyi. Ta zuba mini tuwo, na ci loma uku.

Laraba, 30 ga Oktoba

Misiye ya zo huɗu da rabi. Muka ɗaga tanki, ni ke riƙe. Daga sama damin wayoyin lafiya lau, ko ƙwarzane babu. Misiye ya yi murmushi.

Ta zare allura daga bakin mayafinta. Ta warware tef kaɗan, ta nemo farar wayar, ta soka allurar ta cikin roba har ta taɓa tagulla, ta ɗora bakin mita a kai. Ƙara. Ta matsa gaba yatsa uku, ta soka. Ƙara. Haka ta yi ta bi, tana toshe kowane rami da ɗigon gam, har wayar ta shige bayan akwatin iska. Ta koma ta baya ta biyo, ƙara, ƙara, har inda ta fito daga bayan akwatin. Wurin da ya rage bai fi taki ɗaya ba.

Na san wurin. Kafaɗata ma ta san shi.

Ta ce sai an cire akwatin da duk abin da ke ƙarƙashinsa, aikin rabin yini ne. Misiye ya ce awa biyu gare ta gobe, kuma ba a kwance masa inji ba ya nan. Patron ya dubi sama.

Tanki na rawa a hannuna. Ta ce, "Ya yi maka nauyi?" Na ce a'a. Bakina ya buɗe, wallahi ya buɗe, sai na ga Patron, na tuna rantsuwarsa, na tuna wa zai sayi maganin ƙafar Dada. Na rufe.

Da za ta tafi na ga ta sa ƙarfen dalma da littafin a buhu. Da can a aljihun tebur take barin su.

Alhamis, 31 ga Oktoba

Na riga kowa zuwa, sai ita. Tana goge tebur. Na tsaya a gabanta na faɗa duka a numfashi ɗaya, ina kallon kwata.

Na jira mari. Na jira ta kira Patron. Ta ci gaba da goge tebur har ta kai ƙarshensa. Sannan ta ce, "Wane irin kifi?"

Na ce banda.

"Ta ina ka shigar?"

Na nuna mata. Ta durƙusa ta gwada nata hannun, ya tsaya a wuyan hannu. Ta kamo nawa ta juya shi kamar mai taya kaza a kasuwa. Ta ce, "Har ina ya kai?" Na ce har gwiwar hannu. Ta ce, "To ba sai an cire akwati ba." Shi ke nan abin da ta ce. Sati biyu ba ta samu aiki ba saboda ni, kuma abin da ya dame ta shi ne ta ina.

Na ce za ta faɗa? Ta ce, "Ni waya aka ce in nemo."

Ƙarfe huɗu Misiye ya zo. 'Yan bensikin sun cika bakin gareji, har mai shayi ya bar teburinsa. Ta ce in sa hannu. Na murɗa kafaɗa na shige. Abin da na fara zarowa kashin ɓera ne, cikin tafi. Sai ƙaya. Sai ƙashin kan, fari tas, an sharɓe shi. Sannan yatsana ya taɓa bakin waya mai kaifi, na lalubo ɗayan bakin, tsakaninsu kamar faɗin yatsa biyu. Ta ba ni ɗan madubi da tocila, ta kira Misiye ya leƙa. Sawun haƙori a jikin roba, ko makaho ya shafa zai gane.

Ba ta yi ƙoƙarin haɗawa a can ciki ba. Ta yanke farar daga gaba da baya inda hannu ke kaiwa, ta ba ni sabuwa na zura ta cikin bututun roba na ratsa da ita, ta kama kai biyun da dalma, ta naɗe. Ta auna. Ƙara. Ta mayar da soket, muka sauke tanki. Ta kunna makulli, jar fitilar ta kama ta mutu, ba ta ƙifta ba.

Ta ce, "Misiye, babur ɗinka ne."

Ya danna. Bai gama juyi biyu ba Bajimi ya yi gurnani har kwanon rufi na kaɗawa. 'Yan bensikin suka hau danna ham. Ni dai na zauna a ƙasa.

Ya bar shi ya yi minti ɗaya, ya kashe. Ya sa bakin takalmi ya juya ƙashin kan kifin. Ya ce ɓera ya yarda, amma ɓera bai saya a kasuwa ba. Wa ke cin abinci a bakin aiki a garejin nan? Ya ga matar nan da idonsa ranar ham, da kwanon miyondon rogo da kifi a kan tebur. Ta gyara abin da ta ɓata, sava, ba komai, ba zai kai ta ko'ina ba. Amma maganarsa tana nan, gobe kada ya ga teburin.

Na dube ta. Tana naɗe wayoyin mita a hankali. Ba za ta faɗa ba, na gani a fuskarta.

Na ce, "Ni ne."

Ban ji muryata ba sai na sake. Na ce ni na sa, ranar da ya goge hannu da hankici, kuma in yana so in nuna masa yadda aka yi, yanzu ya gama gani.

Faransancin da ya biyo baya ban tsinci ko rabi ba. Wani ɗan bensikin ya ce in gode Allah da ban yi boko ba. Patron bai ɗaga murya ba, ya ce in ɗauki rigata. Na ɗauka.

Ina bakin ƙofa na ji Misiye ya yi gyaran murya. Bai ba ta haƙuri ba, irinsu ba sa iyawa. Cewa ya yi, "Madam, fitilar baya tana ɗan rawa. Zan kawo ran Asabar." Ta ce Allah ya kai mu.

Tebur ya zauna.

Juma'a, 1 ga Nuwamba

Na gaya wa Dada. Ta ce, "Kan kifin da na ba ka?" Ba ta sake yi mini magana ba sai bayan la'asar.

Litinin, 4 ga Nuwamba

Ina kwance da hantsi na ji sallama. Anti Mardiya ce, ran Litinin, ta ratso unguwa da ƙafa. Suka gaisa da Dada kamar sun shekara da sanin juna, aka bar ni tsaye.

Ta ce bensikin bakwai ke jiranta tun Asabar, hannunta biyu ne kuma dukansu masu kauri. Ta yi magana da Patron. Ya ce shi ya rantse kuma ba zai yi kaffara saboda ni ba, na bar garejinsa. Amma tebur nata ne, daga bakin kwata zuwa sandar wuta, wanda ta ajiye a wurin ba ruwansa.

Na ce bayan abin da na yi mata?

Ta ce, "Na yi shekara goma sha biyu ina neman hannun da zai kai bayan akwatin iska. Da na samu, kifi yake kaiwa." Dada ta yi dariya har da tari. Anti ba ta yi ba. Ta ce sati biyun nan 'ya'yanta sun ci gari da ruwa, tana so in sani, ba don in ce komai ba.

Ƙarfe bakwai, in ji ta. Ba bakwai da kwata ba.

Alhamis, 14 ga Nuwamba

Patron yana wuce ni kamar sandar wuta. Jiya dai ya ce wa sandar ta miƙo masa sifana mai lamba goma.

Yau Anti ta tafi makarantar 'yarta, ta bar ni da wani bensikin da batirinsa ke mutuwa kowace safiya. Mai shi ya ce in canza batir kawai yana sauri. Na ce ya zauna. Awa biyu na yi ina bi, ashe wayar rediyon da ya ɗaura ce ke shan wuta ko an kashe makulli. Da ta dawo ta duba inda na kama da dalma, ta ja, ta sake ja, ta ajiye. Ba ta ce ya yi ba. Ba ta kuma sake yin aikin ba.

Ina tsakiyar aikin Bashiru ya yi barci a kan benci, baki buɗe, takalmansa a ƙasa, ga gwangwanin gam a gefe ba murfi. Na gani. Na daɗe ina gani.

Ƙarfen dalma ne ya riga ya yi zafi, kuma in ya huce sai an sake jira. Shi ne kawai ya hana ni.